Seiko na James Bond da na saya: waje sumul, ciki tsatsa

Tun muna yara muna kallon finafinan James Bond a kaset a ɗakin kawuna nake da burin mallakar irin agogonsa. Rolex Submariner ɗin da Sean Connery ya ɗaura da ya fito a matsayin Bond a fim ɗin Dr. No na 1962 ba sa'ana ba ne, kuɗinsa sai ya gina gida. Shi ya sa na karkata ga agogunan Seiko na zamanin da Roger Moore ke fitowa a matsayin Bond, musamman G757 Sports 100 na cikin fim ɗin Octopussy, 1983, wanda da shi Bond ke bin sawun wani ƙwan ado mai tsada da ake kira Fabergé.

Na yi kusan shekara ina nema kafin na ci karo da shi a wajen wani mai sayar da tsofaffin agoguna ta intanet a Turai. Ya rubuta cewa komai na asali ne, komai na aiki. Ranar da ya iso hannuna, wallahi sai da na ji ƙwalla. Ga baƙin zoben nan mai kama da kofaton doki, ga zanen hannun agogo a kusurwar sama ta hagu, lambobi tar. Na juya murfin baya na ga G757-5020, wato samfurin fim ɗin ke nan, domin akwai 'yan uwansa masu kama da shi da lambarsu ta ƙarshe ta bambanta. Lambar ƙira kuma ta fara da 2N. A tsarin Seiko lamba ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara, ta biyu wata, N kuwa Nuwamba ce, ke nan Nuwamba 1982. Nan da nan na aika wa mutumin saƙon godiya har da addu'a.

Kwana huɗu aka yi lafiya. A na biyar na saita ƙararrawa don sallar Asuba, shiru. Na danna fitila, lambobin suka dushe gaba ɗaya, suka dawo lokaci ya koma baya. Na ɗauka batir ne, na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari. Yana buɗe murfin ya yi salati, ya miƙo mini madubin idonsa ya ce, "Malam, duba da kanka." Gurbin batirin duk wani farin gari ne da kore-kore. Tsohon batir ya daɗe a ciki ya fashe, ruwansa ya ci ƙarfen, ya bi har kan allon lantarkin da ke cikin agogon. Ɗan siririn waya mai murɗe da ke taɓa murfi ya sa ƙararrawa ta yi kuka ma babu shi sam. Abin da ya fi ƙona mini rai, an kankare wajen da batir ke zama kaɗai, aka ɗora sabo a kan ƙazantar. Ke nan wanda ya sayar mini ya buɗe, ya gani da idonsa, ya rufe, ya rubuta komai na aiki. Na ce, "Baba, zai tashi kuwa?" Ya ce zai gwada, amma allon irin wannan sai dai a ciro daga wani mataccen agogo ɗan uwansa.

Sati biyu yana wajensa, ya wanke, ya ƙera wayar da hannunsa, kuma bai tsawwala mini ba. Yanzu lokaci na tafiya daidai, ƙararrawa na kuka ko da a shaƙe. Da na ɗaura shi raina ya yi sanyi, har na ce na yafe, tunda dai agogon ba jabu ba ne, kuma na'urar da ta haura shekara 40 dole a yi mata uzuri.

Amma fa da na tura wa mai sayarwar hotunan cikin, cewa ya yi wai zafin ƙasarmu ne ya jawo. Zafin kwana biyar ne zai ci ƙarfe haka? Sannan Baba ya nuna mini madaurin ma ba nasa ba ne, maƙullin ne kawai ke ɗauke da sunan Seiko. Ko sisi bai mayar mini ba, ga kuɗin aikowa da na kwastam. Agogon ina son abina, amma mutumin nan ba zan sake sayen ko madauri a hannunsa ba. Na gaba da nake hari shi ne Seiko M354 na fim ɗin Moonraker, kuma sai an turo mini hoton cikinsa murfi a buɗe kafin kuɗina ya fita.