Bindigar iska: mai sifirin ko mai tanki?

In kana son ƙara wa bindigar iska saiti, mai sifirin ta fi sauƙin gyara. Sauya sifirin, sa sabuwar roba a bakin fistin, shafa giris kaɗan, sai girgizarta ta ragu. Kada dai mai ya shiga ɗakin matsi, inda fistin ke matse iska, zafi kan kunna shi ya ƙone robar.

Mai tanki, wato PCP, wadda ake cika wa tanki da matsattsiyar iska, ta fi daidaito, balle in an sa mata regileta, na'urar da ke daidaita matsin iskar kowane harbi. Sai dai tana cin iska mai matsi 200 a ma'aunin "bar", kuma a Legas famfon hannu kan tura danshi cikin tanki, tsatsa ta biyo baya. Ɗan Agege mai ƙaramin aljihu, mai sifirin ta ishe shi. Kowacce ka ɗauka, sai da lasisin 'yan sanda.