Cinya ko ƙirji: wanne ya fi dacewa da kazar romo?

'Yar uwa, kin tambaya idan za a dafa kaza a rufaffiyar tukunya, da ɗan ruwa, a kan wuta kaɗan-kaɗan har ta yi luguf, wanne ya fi amfani a jiki, cinya ko tsokar ƙirji.

Wajen gina jiki ƙirji ne a gaba. Giram 100 na dafaffen ƙirji marar fata yana da furotin kusan giram 31, kitsensa bai kai giram 4 ba, kalori wajen 165. Cinya mai wannan nauyin, ita ma ba fata, furotin ɗinta wajen giram 25 ne, kitsenta kuwa ya ninka na ƙirji fiye da sau biyu. Amma ta fi shi sinadarin ƙarfe da zinki, waɗanda jini da garkuwar jiki suke buƙata.

A cikin tukunya ne suke rabuwa sosai. Da cinya kaza take yawo, shi ya sa take cike da jijiyoyi. Idan ta jima a wuta marar ƙarfi sai jijiyoyin su narke su koma danƙo, romo ya yi kauri, nama ya riƙa saɓulewa daga ƙashi. Ƙirji ba shi da wannan gatan. Da zarar ya nuna, wato zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyos, duk abin da ya ƙara a wuta ruwan jikinsa yake zubarwa. Sai ki same shi a bushe yana maƙalewa a haƙori, alhali cikin romo yake.

Don haka ni dai cinya nake zaɓa wa wannan dahuwar. Maiƙonta yana da magani: ki cire fatar tun kafin ki ɗora, ko ki sa romon a firji ya kwana, kitsen ya daskare a sama ki kwashe. Wanda likita ya ce ya rage kitse sosai, a sa masa ƙirji, amma sai dahuwa ta zo ƙarshe.

Kowanne kika ɗauka, kada ki zubar da romon, domin wani kaso na bitamin B yana sauka cikinsa. Ki dai kula da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, don ruwa yana ƙonewa amma gishiri yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, saboda haka ki bari romon ya tsotse kafin ki ɗanɗana ki ƙara.