Na'urar Blu-ray mai shiga intanet: faifan ya riƙe amana, manhajojin sun gaji

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sayi na'urar kunna faifai irin wadda ke haɗawa da kallon fina-finai ta intanet, tambayar da nake fara mayar masa ita ce, kana da fayafayai a gida? Idan yana da su, ko yana da niyyar tarawa, sai in ce ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Idan kuwa abin da ya ja hankalinsa tamburan Netflix da YouTube ne da aka buga a jikin kwali, sai in ce ya dakata tukuna mu yi magana. Na daɗe ina amfani da irin wannan na'ura, kuma abin da na fahimta shi ne kaya biyu ne aka zuba a akwati ɗaya, amma tsawon ransu ba ɗaya ba ne.

Tawa ta Blu-ray ce ta gama-gari, mai fitar da hoton 1080p, wato cikakken HD, ba mai 4K da ya fi shi yawan ɗigo ba. Baƙar akwati ce siririya, mara nauyi. A bayanta akwai ramin HDMI, wato na wayar da ke kai hoto da sauti zuwa talabijin, da na wayar intanet, a gaba kuma akwai na USB, sannan tana kama Wi-Fi. Tana karanta CD da DVD da Blu-ray. Haɗa ta bai ba ni wahala ba: waya ɗaya zuwa talabijin, ɗaya zuwa wuta, sai zaɓen harshe da shigar da kalmar sirrin Wi-Fi, shi ke nan.

Bari in fara da ɓangaren faifai, don a nan ne zuciyata take.

Ranar da na fara sa faifan Blu-ray na wani fim da na riga na kalla ta intanet, bambancin bai ɓuya ba, kuma a wuraren duhu ya fi fitowa. A kallon intanet, idan aka nuna dare ko hayaƙi ko sararin sama lokacin faɗuwar rana, sau da yawa za ka ga launin ya rarrabu layi-layi, ko baƙin ya yi dabbare-dabbare yana motsi. A faifai babu wannan. Duhun yana nan sumul, kuma a cikinsa kana iya rarrabe rigar mutum da bangon da ya jingina. Haka nan idan abubuwa suna gudu da sauri, ko ana ruwan sama, ko kyamara ta bi ta kan ganyen itatuwa, hoton ba ya narkewa.

Dalilin a bayyane yake. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5. Blu-ray, wanda ya shigo kasuwa a 2006, yana ɗaukar 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a biyu, alhali faɗin faifan ɗaya ne. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne hasken lezar da ke karanta shi: na DVD ja ne mai tsawon zango nanomita 650, na Blu-ray kuwa shuɗi ne mai 405, saboda haka yana iya karanta rubutun da ya fi ƙanƙanta, a cusa bayanai da yawa a ɗan fili. Ƙa'idar Blu-ray ta yarda hoto kaɗai ya kai megabit 40 a daƙiƙa. Shi kuwa Netflix, a shawarar da yake ba masu kallo, megabit 5 a daƙiƙa sun isa hoton 1080p, 15 kuma sun isa 4K. In za a yi adalci, kamfanonin kallo ta intanet suna da dabarun matse hoto na zamani da suka fi na tsofaffin fayafayai, don haka ba a cewa faifai ya ninka su takwas a kyau. Amma komai ƙwarewar mai matsewa, sai ya zubar da wani abu, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne ƙananan bayanan da ke cikin duhu da cikin motsi.

Sauti ma haka. Yawancin fayafayan Blu-ray suna zuwa da tsarin sauti na Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, waɗanda ba a rage musu komai wajen matsewa, yayin da kallon intanet ya fi dogara da Dolby Digital Plus, wanda ake ragewa. Wanda ke saurare da lasifikar jikin talabijin da wuya ya ji wani bambanci, gaskiya ke nan. Ni da na haɗa da lasifikoki na daban na ji shi, musamman a fim mai yawan kiɗa ko ƙarar abubuwa, inda maganar 'yan wasa ke fita tsaf ba tare da hayaniya ta danne ta ba.

Wani abin da ban zata zai faranta mini rai haka ba shi ne yadda take yi da tsofaffin DVD. Hoton DVD ƙarami ne, ɗigo 720 a faɗi, 480 ko 576 a tsaye, don haka a babban talabijin na yanzu yakan yi dishi-dishi. Na'urar tana faɗaɗa shi ya cika 1080p, tana gyara gefunan abubuwa. Ba ta mayar da shi Blu-ray, don abin da babu shi a faifai ba za ta ƙirƙiro shi ba, amma ya zama abin da ido zai iya zama da shi har fim ya ƙare. Fayafayan da na jibge a kwali na manta da su duk sun dawo aiki, har da na bukukuwan iyali da aka ɗauka tun da daɗewa, waɗanda babu wani kamfanin intanet da zai taɓa ajiye mini su.

To, sai ɓangaren intanet.

Da farko ya yi mini rana sosai. Talabijin ɗina na lokacin ba ya shiga intanet, saboda haka wannan akwati ce ta zama ƙofata. Rimot ɗaya, waya ɗaya, in na ga dama in sa faifai, in na ga dama in buɗe manhaja. Dabarar ma daga nan ta samo asali. Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007, a 2008 kuma LG ya fitar da BD300, na'urar Blu-ray mai kunna Netflix kai tsaye. A wancan zamani talabijin mai manhajoji bai yawaita ba, don haka haɗin ya yi ma'ana ƙwarai. Idan intanet ɗin gida yana da ƙarfi, hoton yana fita da kyau, ba ni da ƙorafi a kansa. Sai dai mai kallo da data ta ƙiyasi ya lura, domin bisa lissafin Netflix kansa, awa ɗaya ta kallon HD tana iya cin gigabait 3, ta 4K kuma har 7.

Matsalar ta shigo ne a hankali. Manhajojin suka fara nauyi. Ka danna maɓalli, sai ka jira kafin allon ya amsa, ka sake dannawa don ka zaci bai ji ba, sai ya tsallake abin da kake nema. Rubuta sunan fim da rimot, harafi bayan harafi, aiki ne mai cin rai. Daga baya ɗaya daga cikin manhajojin da na fi amfani da su ta nuna sanarwa cewa ta daina aiki a kan wannan na'ura. Wata kuma tana nan a allo, amma in ka buɗe ta sai ta tsaya cik. Sababbin kamfanonin kallo da suka fito bayan an ƙera ta kuwa ba su taɓa zuwa ba, kuma babu wata hanyar da zan saukar da su da kaina, domin jerin manhajojin a rufe yake, abin da masana'anta ta zuba shi ke nan.

Wannan ya ɓata mini rai, domin na'urar lafiyarta ƙalau. Babu abin da ya ƙone, babu abin da ya karye. Abin da ya faru shi ne ƙwaƙwalwar da ke cikinta ƙarama ce, an auna ta ne daidai da aikin karanta faifai, wanda ƙa'idarsa ba ta canzawa. Faifan da aka buga a 2010 yau ma haka yake. Manhajar intanet kuwa kullum ana sake mata gini, ana ƙara mata nauyi, ana sauya hanyoyin tsaro da na matse hoto. Kafin ta ci gaba da aiki a tsohuwar na'ura, sai mai manhajar da mai ƙera na'urar duk sun ci gaba da kashe kuɗi a kanta, kuma ranar da ɗayansu ya ga abin ba riba, magana ta ƙare. Ga shi kuma masu ƙerawar kansu suna ta janyewa daga kasuwar: Oppo ya daina a 2018, Samsung ya sanar a 2019 cewa ba zai ƙara fitar da sababbi a Amurka ba, LG ma ya bi sahu a ƙarshen 2024. Wanda ya bar yin sabuwa, da wuya ya tsaya yana kula da manhajar tsohuwa. Ban yi mamaki ba da na ga wasu daga cikin na'urorin 4K na baya-bayan nan suna zuwa babu manhajar kallo ko ɗaya a cikinsu.

Abin da na yi shi ne na sayi ɗan ƙaramin abin kallon intanet da ake soka wa talabijin a ramin HDMI, irin su Chromecast da Fire TV Stick da Roku, na bar masa wannan aiki. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ana sabunta shi a kai a kai, kuma in ya tsufa sauya shi ba wani abu ba ne. Ita kuma akwatin ta koma aikinta na asali. A ganina manhajojin da ke cikin na'urar faifai gyara ce kawai da mai kaya ya ɗora maka, ka ji daɗinta in ta zo, amma ba don ita ake ciniki ba.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a jefar da faifan gaba ɗaya ba? Ai shi kansa Netflix, wanda ya fara da aika wa mutane DVD ta gidan waya, ya rufe wannan sashe a watan Satumba na 2023. Amsata ita ce fim ɗin da ke intanet ba naka ba ne. Kamfanin haya ya yi na wani wa'adi, in wa'adin ya cika sai fim ya ɓace daga jerin, ko ya koma wani kamfani da ba ka biya ba. Ya sha faruwa da ni in ajiye fim da niyyar zan kalla, in dawo in tarar babu shi. Faifan da ke kan kanta kuwa yana nan, ko an biya kuɗin wata ko ba a biya ba, ko intanet ya ɗauke ko yana nan. Ina iya ara wa aboki, ina iya bayar da shi kyauta. Ga kuma ƙarin abubuwan da ake zubawa a ciki, kamar bayanin darakta da yadda aka ɗauki fim ɗin, waɗanda ni ina jin daɗinsu ƙwarai kuma ba kasafai nake samunsu a intanet ba.

Ba wai faifan ba shi da nasa ciwon kai ba. Blu-ray yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, wasu kuma sai sun tilasta maka kallon gargaɗi da tallan wasu fina-finai kafin ka isa inda kake so. Wasu fayafayan ba sa tuna inda ka tsaya in ka kashe na'urar. Akwai ɗan ƙarar juyawa da ake ji in ɗaki ya yi tsit, ko da yake da fim ya fara ba na lura da shi. Batun karcewa kuwa, Blu-ray ya fi DVD juriya saboda rufi mai tauri da ake yi masa, amma bayanansa suna kusa da fuskar faifan ƙwarai, milimita 0.1 kacal, don haka shatin yatsa ma yana iya sa shi tsalle. Goge shi da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, yakan warware matsalar.

Wanda ya fi duka cizo shi ne kullen yanki, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba sai sun sayi faifai ya ƙi yi. An raba duniya gida shida domin DVD na kasuwa, gida uku kuma domin Blu-ray. Yankin A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. Yankin B ya ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. Yankin C kuma ya haɗa da Rasha da Sin da Indiya. Na'urar yanki ɗaya ba ta kunna faifan da aka kulle wa wani yanki. Ba kowane faifai ake kullewa ba, amma kafin ka saya ka juya bayan kwalinsa ka duba harafin, ka kuma san na na'urarka. Fayafayan Ultra HD Blu-ray, wato masu hoton 4K, waɗanda suka fito a 2016, su ba su da wannan kulle, sai dai suna buƙatar na'urarsu ta musamman, ta gama-gari irin tawa ba ta karanta su, kuma ramin HDMI na talabijin ɗin sai ya kasance mai HDCP 2.2, wato tsarin kariya daga kwafar fim, kafin hoton 4K ya fito.

Duk da na daina kallon intanet da ita, ban cire ta daga intanet ɗin ba. Sababbin fayafayai wani lokaci suna zuwa da sabon makullin kariya, kuma sai na'urar ta sabunta manhajar cikinta kafin ta buɗe su. Wanda kuma har yanzu yake son kallo da ita, ya ja mata waya daga na'urar intanet ta gida maimakon Wi-Fi, in da hali. Ni da na yi haka tsayawar hoto ta ragu sosai, ko da yake nauyin manhajojin bai canza ba. Ramin USB ɗin ma yana da amfani wajen hotuna da bidiyon da ke kan filash, amma ba kowane irin fayil yake karɓa ba, wani zai fito da hoto babu sauti.

Mai niyyar sayen wadda aka yi amfani da ita, ya tafi da fayafayansa guda uku, CD da DVD da Blu-ray, ya gwada kowanne a gabansa, domin leza daban ke karanta su, kuma na'ura tana iya kunna DVD lafiya alhali ta daina ganin Blu-ray. Ya buɗe tiren ya rufe ya ji ko yana sarƙewa, ya tabbatar rimot ɗinta na asali yana nan, don yawancinsu maɓallan jikinsu ba su wuce na kunnawa da na buɗe tire ba.