Sharhi: adireshin da ke kai mai saye kai tsaye ga shagon da ke da kayansa

Manhajar neman shago da ake ɗorawa a shafin intanet na kamfani tana da wani amfani da yawancin dillalai a Garwa da Marwa ba su lura da shi ba. Maimakon ka ce wa mai saye ya shiga shafi, ya rubuta garinsu, ya zaɓi nisa, ya zaɓi kaya, sai ka ɗura duk wannan a cikin adireshin intanet ɗin da za ka tura masa ta WhatsApp. Yana dannawa, taswira ta buɗe da shagunan da ke da abin da yake nema kaɗai. Na yi aiki da irinta a shafin wani dillalin kayan sola mai wakilai a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa. Tana biyan buƙata, amma sai an gyara mata zama, domin masu ƙera ta sun ɗauka kowane shago yana da lambar gida da lambar yanki. Mu kuwa a Kamaru akwatin gidan waya muke rubutawa, shi kuma ba ya nuna inda shago yake.

Haɗa adireshin ba wuya. Bayan sunan shafin sai alamar tambaya, sannan kowane sharaɗi da ƙimarsa, ana raba su da alamar &. Misali: /shaguna/?q=Garoua&radius=10&category=batir. Na farko wurin da za a fara nema ne, na biyu nisa, na uku irin kaya. Waɗannan sunaye suna bambanta daga manhaja zuwa manhaja, don haka kada a kwafi nawa. A yi binciken da hannu a kwamfuta, a duba ko adireshin da ke saman burauza ya canja. In ya canja, shi ke nan, a kwafe shi. In bai motsa ba, manhajar ba ta ajiye binciken a adireshi, sai an kunna hakan a saiti ko mai kula da shafin ya ƙara. A tambayi wannan tun kafin a biya kuɗin manhaja.

Babbar matsalar tana wajen sunan gari. Mu Garwa muke cewa, taswira Garoua ta sani. Ko an rubuta daidai ma, akwai Garoua-Boulaï can jihar Gabas, a bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, kuma injin da ke juya suna zuwa wuri yana iya karkata can. Sunan unguwa ya fi haɗari: Yelwa tana Garwa, tana kuma wurare da dama a Nijeriya. Maganin shi ne a bar suna a koma lambobin taswira, wato lamba biyu da ke nuna wuri, ta arewa da ta gabas, in manhajar tana karɓa. Tsakiyar Garwa tana wajen 9.30 da 13.40, Marwa wajen 10.59 da 14.32. Ga shago guda, a tsaya a ƙofarsa a ɗauki lambobin da waya, a bar lamba biyar bayan ɗigo, wanda ke kai mutum kusan mita ɗaya daga wurin.

Nan ma akwai tarko biyu. Wanda ya yi karatu da Faransanci yakan rubuta 9,30 da waƙafi, alhali waƙafi a nan shi ke raba lambobin biyu, dole a sa ɗigo. Na biyu, in aka juya su, 13.40 ta zo gaba, alamar shagon Garwa za ta faɗa jihar Damagaram a Nijar. Wasu manhajoji suna son lambar arewa da farko, wasu ta gabas, a duba.

Adireshi ba ya ɗaukar fili tsakanin kalmomi. WhatsApp yana yanke shi a filin farko, abin da ya biyo baya ya zama rubutu kawai, tacewar, wato sharuɗɗan binciken, ta ɓace. Ana maye gurbin fili da %20 ko alamar +. Haruffa masu alama su ma suna da nasu: é ta zama %C3%A9, shi ya sa Ngaoundéré ke fitowa Ngaound%C3%A9r%C3%A9, ƙ kuma %C6%99. Ni dai shawarata, a raɗa wa rukunin kaya gajerun sunaye marasa lanƙwasa, kamar batir, inbata, gyara, a huta.

Nisa kuma a miƙe ake auna shi, ba ta hanyar mota ba. Wanda ke Kusiri aka sa masa kilomita 10, shagunan Njamena za su fito masa a matsayin na kusa, ba ruwan manhaja da kogi, da gadar Ngeli, da jami'an iyaka, da batir mai nauyi a bayan mashin. Ga garuruwan bakin iyaka a ƙara sharaɗin ƙasa a adireshin. A duba kuma ko saitin yana kan mil, domin mil 10 ya ɗan haura kilomita 16. A cikin Garwa kilomita 5 zuwa 10 sun isa, a ƙauyuka sai an kai 50, in ba haka ba mai saye ya tarar da taswira wayam, ya ɗauka ba ku da wakili.

Abin da ya fi ɓata lokaci kafin a gano shi shi ne shafi mai harshe biyu. Idan shafin yana tura baƙo da kansa zuwa /fr/ ko /en/, ko daga http zuwa https, sau da yawa yakan zubar da duk abin da ke bayan alamar tambaya a hanya. A kwamfutarka komai daidai, tunda burauzarka ta riga ta san harshenka, a wayar baƙo kuwa shafi ya buɗe ba tacewa. A sa https da harshen tun a cikin adireshin. Dama burauza ba ta ba wa shafi izinin sanin inda mutum yake sai da https.

Inda manhajar ta burge ni shi ne sauƙin da take kawo wa mai ƙaramar waya da ɗan data: dannawa ɗaya, ba rubutu. Inda ta gaza, ba ta san abin da ya ƙare a shago ba. In wakilin unguwar Domayo ta Marwa ya daina sayar da batir ba a cire masa alamar ba, adireshin zai ci gaba da aika masa mutane.

Ga mai shago ɗaya ko biyu, ban ga dalilin biyan kuɗin manhaja ba. Adireshin Google Maps na kyauta ya wadatar, ba ya ma buƙatar rajista: google.com/maps/search/?api=1&query=9.30%2C13.40, a sa lambobin shagon a madadin waɗannan, %2C ɗin da ke tsakaninsu shi ne waƙafi. Kada a cire api=1, in babu shi ba a kula da sauran sharuɗɗan. Kafin a buga kowane adireshi a takardar talla ko a mai da shi lambar QR, a gwada shi a wayar da ba ta taɓa shiga shafin ba, da datar MTN ko Orange, ba da intanet ɗin ofis ba.