Tirayatalon ɗinka na farko: me za ka saya, me za ka ara, me za ka bari a shago

Gajeren tirayatalon ɗin nan da ake ce wa sifirint, abin da ke cikinsa shi ne iyo na mita 750, ka fito daga ruwa ka hau keke kilomita 20, ka sauka ka yi gudun kilomita 5, duk a jere, kuma agogo ba ya tsayawa ko lokacin da kake fama da saka takalmi. Rabin na Olamfik ke nan, wanda aka fara sa shi a wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Sabon shiga yawanci tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya gama. Na kawo lissafin nan ne saboda yawancin kayan da za ka gani a Instagram suna ɗaukar ido, na masu Ironman ne, mutanen da za su yi iyon kilomita 3.8, keken kilomita 180, sannan su ɗora da gudun 42.2, wuni guda suna kan hanya. Kai ba can za ka ba tukuna, to kar ka yi cefanen gidan wani.

Mu fara da keke tunda shi ke cinye kuɗin, kuma kusan rabin lokacin gasar a kansa za ka yi. Zaɓin gaskiya guda huɗu ne, keken dutse mai kaurin taya, da keken tsere mai siririn taya da lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, da na tsakaninsu mai miƙaƙƙen kai amma tayarsa ba kauri sosai, sai kuma keken tirayatalon na ainihi wanda ake kwantar da hannuwa a gaba. Wannan na ƙarshe cire shi daga lissafi kawai. Tsada ce da shi ta fitar hankali, juya shi a kwana sai wanda ya saba, inda kake ɗora hannu babu birki a wurin, ga shi akwai gasannin da ma ba sa barin a shiga da shi. Mutumin da bai taɓa sauka daga keke ya zarce da gudu ba me zai yi da shi, haba.

Keken dutse shi ne ya fi yawa a hannun mutane kuma yawancin gasannin sababbin shiga ba sa hana shi. Matsalarsa nauyi da tayar nan mai ƙuraje, tana jan kwalta tana wani gurnani ƙarfinka na tafiya a banza. Maganin mai sauƙi ne, ka je wajen mai gyaran keke a cire ta a sa maka taya mai santsi daidai girman wilinka, in inci 26 ne ka nemi 26, a ba ta iska sosai, a cire kariya da jak da duk wani tarkace, in fok ɗin gaba mai sifirin ne kuma yana da makulli a kulle shi. Wallahi bambancin da za ka ji da wannan ɗan canjin ya fi ƙarfin kuɗin da ka kashe. Kuma tib ɗinsa da facinsa ko'ina akwai.

Keken tsere ya fi gudu, wannan ba musu. In ka tabbata abin ya shiga ranka kuma za ka ci gaba da hawa bayan gasar, to shi ne abin saye, amma na gwanjo mai gangar alminiyam ya ishe ka. Ka duba abin da aka rubuta a jikin giyar, kamfanin Shimano mai ƙera giya yana da matakai, Claris a ƙasa, sai Sora, sai Tiagra, sai 105, kuma kowanne a cikinsu zai kai ka kilomita 20 lafiya lau, kar mai shago ya ruɗe ka da cewa sai 105. Na kabon kuma ni dai ba na ba sabon shiga shawarar ya saya a gwanjo, saboda yana iya tsagewa daga ciki fenti ya rufe, ba za ka gani ba, mai walda kuma ba abin da zai iya yi maka a kai. In ka je saye kar ka tsaya kallon launi. Ɗaga keken ka juya wili ka ga ko yana rawa, matse birkin gaba ka tura shi gaba da baya ka ji ko wuyan yana ƙwas-ƙwas, bi duk inda aka yi walda da ido musamman kusa da wuya, sannan ka sa a kwance sandar sirdi a gabanka, don akwai waɗanda ta riga ta ci tsatsa ta kama, ba sama ba ƙasa. Ka hau ka canja giya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Wani abu da ba a cika faɗa wa mutum ba, tayar keken tsere 700c ce kuma bawul ɗinta siriri ne wanda ake kira Presta, famfon mai faci na bakin titi sau da yawa ba ya kama shi, don haka famfonka da tib guda biyu na ajiya suna cikin kuɗin keken, ka lissafa da su tun farko.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne keken ya zama daidai tsawonka. Ka zauna a sirdi ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba. Keke mai tsada da ya yi maka girma, bayanka da gwiwarka ne za su biya, kuma a wajen gudu za su karɓi bashin. Shi ya sa in kana da aboki mai tsawonka da ke da keke, aro ya fi saye a karon farko, ka dai karɓa da wuri ka saba da shi. Phoenix irin na kai kaya kasuwa fa? Ƙarfe ne zalla, giya ɗaya, in hanya shimfiɗaɗɗiya ce zai kai ka, amma in akwai hawa za ka sauko ƙafafu sun mutu.

Hular kwano kam ba a arha da ita kuma ba a gwanjo. Abin da ke kare kai shi ne farin soson nan mai tauri na ciki, sau ɗaya yake aiki, in ya taɓa buguwa ya matse shi ke nan ko da waje yana ƙyalli, kai kuma ba ka san tarihin ta gwanjo ba. Ka leƙa ciki ka nemi takardar da aka liƙa, EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Mai sauƙin kuɗi da ke da wannan shaidar ta ci jarrabawa ɗaya da mai tsadar, ƙarin kuɗin na rashin nauyi ne da shan iska. Ta babur ba ta yi ba, zafi zai dafa ka. Kuma doka ce, sai ka ɗaure igiyarta kafin ka ciro keke daga inda aka rataye shi, ba ka kwancewa sai ka mayar da shi.

Feda iri biyu ce, ta gama-gari da wadda takalmi na musamman ke maƙalewa a jiki. Ta biyun tana da amfani a doguwar tafiya, amma tana nufin ƙarin takalmi, ƙarin canji, ga faɗuwar nan ta ban kunya in ka tsaya ka manta ƙafarka a maƙale take. Da ta gama-gari, kambas ɗin da ka hau keke da shi da shi za ka yi gudu, ka aje keke ka wuce abinka wasu na zaune suna canja takalmi.

Shi kambas ɗin a nan ne zan ce ka ɗan saki hannu. Ba sai mai farantin kabon ba, na gudu dai na gaske, ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. In gwanjo ne juya ƙasansa, in gefe ɗaya ya cinye ko soson ya yi tamoji ya daina dawowa, bar musu. Kar ka sa sabo ranar gasa. Ka sayi igiyar roba mai talewa ka maye gurbin ta ɗaurewa, kuɗinta kaɗan ne, kuma yatsun da suka fito daga ruwa suna rawa ba sa iya ɗaure igiya da sauri. Safa kuma ka sa, daƙiƙun da za ta ci ba su kai zafin bororo ba.

Kaya. Akwai riga da wando haɗe da aka ɗinka don wasan, ka yi iyo da ita ka hau keke ka yi gudu ba canji, ɗan soson da ke wandon siriri ne yana bushewa da wuri. Akwai kuma rabe, riga daban wando daban, wanda ni na fi so ga sabon shiga don ya fi sauƙin zagayawa kuma in sama da ƙasanka ba girma ɗaya ba ne ka zaɓi kowanne daban. Wandon 'yan keke mai kaurin soso kar ka shiga ruwa da shi, zai sha ruwa ya yi nauyi ya goge maka cinya. Auduga ma haka. In ba kuɗi, matsattsen wandon iyo mai kaiwa gwiwa da rigar 'yan ƙwallo da za ka zura bayan ka fito sun wadatar, tunda dama ba a yarda a hau keke ko a yi gudu ba riga ba, kuma filin canjin a fili yake, babu wajen tuɓewa. 'Yan'uwa mata masu son rufe jiki, an yi kafin ku, Shirin Gerami 'yar Iran ta shiga gasar duniya a Landan a 2013 a rufe ruf. Ku nemi yadin iyo mai bin jiki wanda ba ya riƙe ruwa, da hijabin wasanni marar lilo don kar ya shiga sarƙa ko wili, sannan ku tura wa masu shirya gasar saƙo tun da wuri su san da shigarku.

Baƙar rigar robar nan mai kauri da kake gani a hotuna ta ruwan sanyi ce. A dokar World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, a irin wannan zangon in ruwa ya kai digiri 22 yawancin masu gasa ba a ma yarda su sa ba, sai in ya yi ƙasa da 16 ne take zama dole. To wanda zai yi a wuri mai zafi ko a suwimin ful ba ruwansa da ita. Wanda ke Ingila kuma, misali zai shiga ta fadar Blenheim da ake yi a tafki, ko yana Kef Tawun ta Afirka ta Kudu inda teku ke da sanyin tsiya, yana buƙata, amma haya ake bayarwa, ka yi haya ka gwada ta a ruwa kafin ranar don tana matse ƙirji in ba ka saba ba.

Tabaran iyo, Speedo ko Arena ko marar suna, gwajin ɗaya ne, ka danna shi a ido ba tare da ka sa igiyar ba, in ya kama na ɗan lokaci to ya dace da fuskarka, in ya faɗo nan take ruwa zai shiga. Mai duhu don rana, fari don ful na cikin gini. Agogo kuma, Garmin Forerunner 255 da Coros Pace 3 suna haɗa wasannin uku, suna da daɗi, amma masu gasa ne ke riƙe lokacinka ba kai ba, Casio mai jure iyo ma ya isa. Abin sawa a kunne don jin sauti haramun ne a gasar, bar shi a gida.

Kuɗin da ka rage daga keken kabon da agogo, kai shi wajen mai koyar da iyo da kuɗin shiga ful. Mita 750 a ful mai tsawon mita 25 tsallakawa 30 ne, kuma a nan ne sababbi suka fi firgita, ana shurin juna ana shan ruwa, babu kayan da za ka saya su yi maka numfashi. Wanda ya ce zai yi atisaye a dam ko kududdufi don ya huta da biyan kuɗi ya tuna da tsargiya, ta fata take shiga a ruwan da ke da dodon koɗi, ga kuma haɗarin iyo kai kaɗai ba mai ganinka. Sauran ƙananan, gorar ruwa da mazauninta a jikin keke, ɗan tawul mai launin da za ka gane wurinka da shi, bel na roba da ake maƙala lamba, basilin don hammata da cinya, duk a haɗe ba su kai kuɗin taya ɗaya mai kyau ba. Kafin ka biya ko sisi dai ka karanta takardar dokokin gasar da ka yi rajista, a ciki za su faɗi ko a ful ne ko a tafki, da irin keken da suka yarda da shi.