Injin matsin ruwa, tukunyar dumamawa ko sinadari: wanne ya dace da mai kunun aya?

Duk mai sana'ar kunun aya ya san wannan takaicin. Ka markaɗa da asuba, ka tace, ka ɗura a gora, sai wuta ta ɗauke da hantsi. Kafin la'asar gorunan sun kumbura, kana murɗa murfi kumfa ta biyo hannunka. Hanyoyi uku ake tallata mana don maganin wannan asara, kuma ba zan ɓoye muku ba, ɗaya ce ta kwanta mini a rai.

Sinadarin benzowet da ake zubawa a lemo don kada ya lalace sai a abu mai tsami yake aiki, don haka ya yi wa zoɓo, amma kunun aya ba ruwansa da shi. Dumamawa kuwa, digiri 63 na minti 30 ko digiri 72 na daƙiƙa 15, ita ce mai araha, sai dai aya tana da sitaci, zafi na wuce ƙima kununka ya kama kauri kamar koko. Mutanen Balensiya a ƙasar Sifaniya, da suka daɗe suna shan irin nasu kunun ayar, don wannan dalili ne ba sa bari nasu ya kai digiri 72 idan suna son ɗanɗanonsa na asali.

Ta ukun ita ce matsin ruwa, wadda 'yan kasuwa ke kira HPP. Bayan an ɗura kunu an rufe gora, sai a jera gorunan cikin wani tulun ƙarfe mai kaurin gaske, a cika shi da ruwan sanyi, famfo ya yi ta tura ƙarin ruwa har matsin ya kai bar 6,000 (bar shi ne ma'aunin matsi). A ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a teku, matsin bai wuce bar 1,100 da 'yan kai ba. Kamar minti uku ake yi a haka, sannan a saki. Gorar ba ta fashewa saboda matsin yana zuwa mata daga kowane ɓangare daidai wa daida, ciki da waje, kamar yadda masanin kimiyya Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17. Ruwan da ke ciki kan matse da kusan kashi 15 cikin ɗari, ya ɗan ɗau ɗumi, wajen digiri 3 a kowane bar 1,000, matsi na sauka ya koma yadda yake. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela da listeriya sun mutu, amma launi da ƙamshi suna nan kamar yanzu aka tace.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1899 wani masani mai suna Bert Hite ya gwada ta a kan madara a jihar West Virginia ta Amurka, sai dai injinan zamaninsa ba su iya ɗaukar aikin kasuwa ba. Sai a 1990 kamfanin Meidi-ya na Japan ya fito da jam ɗin 'ya'yan itace da aka sarrafa ta wannan hanya. Yau manyan masu ƙera injin sun haɗa da Hiperbaric da ke birnin Burgos a Sifaniya da Uhde na Jamus. Ƙaramin injin Hiperbaric lita 55 yake ci a zubi ɗaya, kuɗinsa kuma ɗaruruwan dubban daloli ne. Shi ya sa a Turai da Amurka ƙananan masu sana'a ba sa saye, kai kayansu suke yi wurin mai inji su biya kuɗin aiki, kamar yadda muke kai niƙa.

Matsin ruwa yana da sharuɗɗa biyu. Sai gorar roba mai lanƙwasuwa, kwalba da gwangwani ba sa jurewa. Sannan matsi kaɗai ba ya kashe ƙwayoyin da ke ƙulle kansu cikin ɓawo, irin mai jawo gubar botulizim, kuma kunun aya ba shi da tsamin da zai hana su tsiro. Dole kayan su zauna a firji daga fitowa inji har hannun mai sha. Wanda ba shi da sola ko janareta tsayayye, kada ma ya fara lissafi.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Wani dillali ya turo mini hoton tanki mai sheƙi ta WhatsApp, ya ce ƙaramin HPP ne na masu ƙaramin jari. “Hajiya, wallahi rabin kuɗi zan bar miki.” Na biya. Da kaya suka iso, ƙanena mai gyaran famfo ya leƙa agogon da ke kan murfin ya ce, “Yaya, wannan fa iyakarsa bar 3.” Tukunyar tururi ce ta dafa kayan asibiti aka sauya wa suna. Gora 200 na saka ranar gwaji, robar ta narke ta manne da juna.

Saboda haka ki fara duba agogon matsi, ba hoton ba. Idan bai kai dubbai ba, ba shi ba ne. Akwai injin daidaita madara da ke aiki a wajen bar 200, shi ma ana liƙa masa sunan matsi mai ƙarfi, alhali kitse kawai yake farfasawa. Tambayi nauyi: injin gaskiya tan-tan ne, sai da ƙugiya ake sauke shi, duk wanda ƙarti biyu za su ɗora a bayan a-kori-kura ƙarya ne. Nemi lambar injin ki aika wa kamfanin da aka ce ya ƙera, su tabbatar. Idan na hannu ne, ki nemi adadin zubin da ya yi, domin tulun da robobin toshiyarsa suna gajiya da yawan matsi, kuma ki ji daga bakin dillalin wa zai kawo kayan gyara. Kada a ruɗe ki da rubutun “matsar sanyi” a jikin gora, wannan yadda aka matse 'ya'yan itacen ne kawai, bai kashe ƙwayar cuta ko ɗaya ba.

Tankin nawa yana nan a bayan shago, a ciki muke tafasa ƙyallen tata da murafe.