Sun kwashe ƙudan zuman da ransu, amma sun bar saƙa a cikin silin

Mutanen nan da aka kira su kwashe ƙudan zuma daga silin sun san ƙudan zuma, wannan kam ba musu. Gini ne ba su sani ba, ko kuma sun sani suka yi ganganci, kuma a aikin fitar da amya daga cikin gida rabin aikin na gini ne.

Tun a waya suka burge ni. Tambayarsu ta farko ita ce ko an fesa maganin ƙwari, ta biyu tun yaushe ƙudan suke wurin, ta uku ko ana ganinsu suna shiga da garin fure a ƙafafunsu. Tambayoyin masu aikin ne. Gungun da ya sauka a reshe ko bakin taga bai da saƙa, bai da 'ya'ya, cikinsa cike yake da zuma, shi ya sa ba ya faɗa sosai. A girgiza shi cikin akwati shi ke nan. Amma idan suna shiga da garin fure, to akwai tsutsotsin da ake ciyarwa a ciki, sun zama 'yan gida, sai an fasa.

Waɗannan a cikin silin suke, ƙofarsu wata 'yar kafa ƙarƙashin bakin kwano. Ba su fasa da ka ba. Babban nasu ya bi silin da tafin hannu har ya ji inda ya fi ɗumi, domin ƙudan zuma suna riƙe wurin 'ya'yansu a kusan digiri 35 dare da rana, ya zana layi, suka yanke allo ɗaya kawai. Hayaƙi kaɗan suka yi, abin da na yaba. Mai yawan hayaƙi yana kora sarauniya ta tsere cikin lungun da hannu ba ya kaiwa, daga nan a wuni ana nema. Injin zuƙar da suka zo da shi an rage masa ƙarfi, yana jan ƙudan a hankali cikin akwati mai raga. Da injin shara na gida ne, da rabinsu sun mutu kafin a buɗe.

Yankan saƙar ma abin kallo ne. Ɗaya bayan ɗaya, daga ta gefe zuwa ta tsakiya, a yanka daidai girman firam, wato katakon da ke riƙe saƙa a cikin akwati, a ɗaure da roba. Ba su kifa ko ɗaya ba: yadda take rataye a silin, haka aka tsayar da ita a firam, saboda ramukan saƙa a ɗan karkace suke suna kallon sama, in aka juya ta ƙasa an ɓata. Saƙar 'ya'ya a akwati, saƙar zuma a bokiti mai murfi don kada ƙamshi ya tara ƙudan unguwa. A saƙa ta tsakiya suka ga sarauniya, doguwa, tana ƙoƙarin zagayawa bayan saƙar, wani yaro a cikinsu ya dafe ta da ɗan kejin roba ya sa cikin akwati. Ba a jima ba sai ga ƙudan sun jeru a bakin akwatin, gindi sama, suna kaɗa fukafukai, suna kiran 'yan uwansu. Suka bar akwatin kusa da tsohuwar ƙofar har rana ta faɗi don ƙudan da suka fita kiwo su dawo, sannan suka rufe suka tafi da shi nesa, fiye da kilomita 5, don in ba haka ba washegari za su dawo tsohon gida.

Da a nan aikin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Bayan 'yan makonni sai tabo ya fito a silin, ba a inda aka yanke ba, a allon da ke kusa da shi. Farko ruwan ƙasa, sannan ya fara ɗiga, da wani tsami-tsamin wari kamar na abin da ya kwana ya ruɓe. Tururuwa suka yi layi a bango, kyankyasai suka biyo, ƙudan zuma kuma suka dawo suna shawagi a bakin kwano. Da aka kira su, sai suka ce ai ragowar masu kiwo ne, za su ɓace da kansu. Wannan magana ba ta shiga ba. Ragowa ba sa wuce sati ɗaya ko biyu. Waɗannan da rana suke zuwa, da dare wurin shiru, suna faɗa da juna a bakin kafa, ba mai garin fure a ƙafa ko ɗaya. Ɓarayi ne daga wasu amyoyi, kuma ɓarawon zuma ba ya zuwa inda babu zuma.

Abin da ya faru a bayyane yake ga duk wanda ya san tsarin amya. Ƙudan zuma suna ajiye 'ya'ya kusa da ƙofa, zuma kuma can ciki, nesa da ita. Ɗumin da aka ji da hannu na 'ya'ya ne kawai. Rumbun zumar ba ya ɗumi haka. Saƙar ta tsallake katakon da ke riƙe da silin ta ci gaba a ɗaya gefen, su kuma ba wanda ya cusa tocila ya leƙa. Muddin ƙudan suna nan, suna yi wa saƙar fifita, ba ta zuba. Da aka kwashe su, zafin kwano ya samu dama. Kaki sai a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, amma tun kafin nan yake laushi, nauyin zuma ya tsinke shi. Zumar da ta fashe tana shan laimar iska, ruwanta ya haura kashi 20 cikin ɗari, ta yi tsami, ta ratsa silin.

Sun dawo, amma sai da aka yi ta kira, kuma suka nemi a sake biya kamar sabon aiki. Saƙar da suka fitar a karo na biyu ta fi ta farko nauyi, tsutsar kaki har ta fara yi mata yana. A nan kuma aka ga yadda suka toshe ƙofar tun farko: kumfar feshi. Ƙudan zuma suna cinye kumfa da bakinsu. Abin da ya kamata shi ne ragar ƙarfe mai ramin da bai wuce milimita 3 ba, a bi ta da siminti ko katako, a kankare duk ragowar kaki daga jikin katako, a wanke, a cika ramin da abin cikawa don kada ya zauna fanko. Masu leƙen gida na sabon gungu ramin da ya kai kusan lita 40 suke so, balle mai ƙamshin tsohuwar saƙa. Gyaran silin ma ba su faɗa tun farko cewa ba nasu ba ne. Sai da aka gama suka ce a nemo kafinta.

Duk da haushin nan, ba zan ce da an fesa magani ya fi ba. Magani zai bar dubban gawarwaki su ruɓe a cikin silin, saƙar duka tana nan, ga zuma mai guba da ƙudan maƙwabta za su kwasa. Kuma amyar ta rayu: sun turo bidiyo, ga ƙwai a tsaye a gindin ramuka, ga 'ya'yan da aka rufe, alamar sarauniya ta ci gaba da aiki.

In gungu ne a reshe ko a katanga, ku kira su ba fargaba. In cikin bango ne ko silin, ku yi magana kan toshewa da gyara tun kafin su ɗauko tsani, kuma kada ku bari a mayar da allo sai an haska tocila ta kowane gefen katako kun ga ramin da idonku.